Wasiƙa daga Phoenix: labarin injin da ke garejina

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Yaya kasuwa, yaya ɗinki? Ka gaishe min da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.

Ka tambaye ni wane ƙarfe ne ka hango a bayana ranar da muka yi waya ta bidiyo, har ka ce ya yi kama da keken ɗinki. Wallahi ba ka yi nisa ba. Injin ɗura harsashi ne. A nan Arizona doka ta yarda mutum ya tattara kwanson da ya harba ya sake ɗura shi don amfanin kansa, kuma da yawa daga cikin masu wasan harbi haka suke yi don rage kashe kuɗi. Na san a gida abin ba haka yake ba, doka ta hana, don haka labari kawai nake ba ka.

Nawa Dillon XL650 ne, kamfaninsu ma yana nan kusa da mu a Scottsdale. Na saye shi na hannu wurin wani dattijo da muke haɗuwa a filin harbi na Ben Avery. Yana da tashoshi 5 a kan faranti mai juyawa. Ta farko tana matse kwanso ya koma girmansa ta fitar da tsohuwar firaima, wato 'yar ƙwayar da ke tayar da wuta. Ta biyu tana sa sabuwa ta zuba albarushi. Ta uku a buɗe ta zo, babu komai a kanta, ta huɗu tana zaunar da kan harsashi, ta biyar tana ɗaure bakin. Duk jan hannu ɗaya, ayyuka da yawa ne ke gudana a lokaci guda, harsashi ɗaya ya faɗo cikin kwando. Daɗinsa ke nan, kuma haɗarinsa ke nan, domin ido biyu ne ke gadin wuri biyar.

Da na kawo shi gida, zuciyata na kan sauri. Na fara da sayen abin da ke jero kwanso da kansa, ina lissafin nawa zan fitar a awa. Sai wata Asabar a fili na ja kunamar bindiga na ji ƙarar ta fito a shaƙe, ba irin wadda na saba ji ba. Allah ya sa na tsaya. Da muka duba, kan harsashin yana maƙale a cikin bututun bindiga. Babu albarushi a kwanson, firaima ce kaɗai ta tura shi. Da na sake harbawa a kansa, Allah kaɗai ya san abin da zai sami hannuna da na kusa da ni. Na tuna sarai daren da na ɗura su: injin ya cije, na cire kwanso ɗaya na gyara, na mayar da shi gaba da inda ya kamata. Na kwana biyu ban shiga garejin ba.

Tun daga ranar na canza abin da nake kashe wa kuɗi. Tashar nan ta uku na sa mata na'urar da ke leƙa kwanso, tana ƙara idan albarushi ya yi kaɗan ko ya ninka. Na ɗaura 'yar fitila a tsakiyar injin yadda nake ganin cikin kowane kwanso kafin in ɗora masa kai. Na ɗaure teburin da bango, saboda teburi mai rawa yana sa awo ya riƙa bambanta. Na kuma sayi sikeli mai kyau. Awon da ake yi da shi sunansa giren, guda 7,000 ne ke cika fam ɗaya, ka ga ke nan kuskuren da ido ba zai gani ba yana iya zama babba. Ba na wuce abin da littafin masu albarushin ya rubuta, ko wa ya ba ni shawara.

Sauran duk tsafta ce, kuma nan ne na fi tuna ka. Ka san yadda kake buɗe ƙarƙashin keke ka share zare da ƙura kafin ka ɗiga mai? Haka nake yi. Tsohuwar firaima tana barin baƙin gari mai kaushi, shi ke taruwa ƙarƙashin faranti har ya hana sabuwa zama daidai. Ƙwayar albarushi ɗaya ma ta isa. Bayan kowane zama ina bi da buroshi, lokaci-lokaci in kwance farantin gaba ɗaya in goge. Babban sandan da ke hawa da sauka yana shan man inji kaɗan, gaɓoɓin hannu kuma giris. Amma hanyar firaima da ta albarushi ba sa son ko ɗigon mai, a bushe ake barinsu. Bututun firaima, mai cin guda 100, ina goge cikinsa da sifirit don kada ƙurarsu ta taru. Notin tsakiyar faranti ya ɗauke ni makonni kafin hannuna ya gane shi: in ya matse farantin ya ƙi juyawa, in ya saki ya riƙa karkata.

Abu ɗaya da dattijon ya nanata min, in hannu ya cije kada in danne. Firaima ce ke iya zama a karkace, kuma ƙarfi na iya tayar da ita tare da 'yan uwanta. Shi ya sa ba na zama ba tare da gilashin kare ido ba. In kuma na tsaya gyara, sai in kwashe duk kwanson da ke kan faranti in fara daga farko.

Zafin garin nan a Yuli sai ka ce Sakkwato a Afrilu, don haka ba na barin albarushi a gareji. Ina juye ragowar cikin gwangwaninsa na asali, domin in ya kwana a mazubin injin yana cin robar. Baƙin garin nan kuma akwai dalma a cikinsa. Yara ba sa shiga wurin, ni ma sai na wanke hannu da sabulu kafin in taɓa abinci.

An fito da sabon samfuri, XL750, a 2019, an sauya masa tsarin firaima. Abokai suna ta cewa in canza, amma na riga na san muryar wannan, ina jin sa'ad da wani abu ya kauce tun kafin in gani.

In Allah ya kai mu babbar Sallah ina sa ran zuwa. Ka ajiye min yadin nan da muka yi magana, awona bai canza ba. Ka rubuto min labarin unguwa.

Naka har kullum,
Amininka