Malam, ɗan hoton nan na buɗe manhaja yana neman haɗa ni da Kawu

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali, Allah ya saka da alheri kan filin nan na kwamfuta da kake gabatar mana duk mako. Yau dai tawa ce ta kawo ni, kuma don Allah kar ka yi dariya, in an faɗe ta kamar ba komai ba amma wallahi ta hana ni sakat.

Ina aiki ne a shagon Kawuna a Zariya, muna buga katin ɗaurin aure da na suna, kalandar biki, sitika, sai taifin ɗin ɗalibai lokacin furojet. Kwamfutar tebur ce ƙwaya ɗaya, ta hannu ya sayo, RAM ɗinta, wato wajen da take riƙe abin da take aiki a kai, 4GB, had dis ɗin kuma irin mai juyawar nan ne da in ka kasa kunne za ka ji yana ƙir ƙir. To ka san in mutum ya danna manhaja, kafin ta buɗe akwai ɗan hoton da ke fitowa a tsakiyar sikirin, da sunanta da tambarin kamfani da lambar bashon ɗinta, wato fitowa ta nawa ce, babu wajen rufe shi, sai ya ga dama ya tafi da kansa. Wani ɗalibi da ke kawo mana aiki ya ce sunansa sifilash sikirin. Na Word ba ya wani jimawa. Amma na manhajar da nake zanen kati da ita, in ya zauna sai ka ce baƙon da ya zo da tabarmarsa, minti uku, wani lokaci huɗu, da agogon waya na duba ba ƙiyasi ba ne.

Juma'ar da ta wuce wani Alhaji ya zo a gyara masa kwanan wata a katin auren 'yarsa, lamba ɗaya tak za a canza, 12 ta koma 19. Ba wuta, muka tada inji, na kunna kwamfuta na danna manhaja, hoton ya fito ya tsaya. Alhaji na tsaye yana duba agogo don lokacin masallaci ya matso, inji na shan mai, Kawu na bayana yana huci, ni kuma na zuba wa hoto ido ba abin da zan iya. Ƙarshe Alhaji ya ce bari ya dawo bayan salla. Bai dawo ba. Kawu ya ce tunda ni na san kan abin in cire wannan hoton banzan kafin Litinin, a ganinsa talla ce kawai kamfani ke mana da man injinmu.

Da na faɗa wa ɗalibin nan sai ya ce hoton ba shi da laifi, wai kamar ka yi sallama a ƙofar gida ne yaro ya leƙo ya ce yana zuwa, ba yaron ne ya tsayar da kai ba, maigidan ne bai gama shiri ba. Ya ce a bayan hoton manhajar tana kwaso kayanta daga had dis zuwa RAM, hoton kuma an sa shi ne don ka san dannawarka ta shiga kar ka yi ta maimaitawa. Har ya nuna min, aka danna madannin Windows da R, aka rubuta winword /q, Word ta buɗe ba hoto, ya ce Excel kuma /e ake sa mata, LibreOffice kuma --nologo. Na gwada da kaina na duba lokaci, gaskiya bambancin bai taka kara ya karya ba, illa ma dai zaman shirun ya fi damuna, sikirin ba motsi har na fara tunanin ko bai shiga ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma wannan Kawu bai sani ba. A ƙasan hoton akwai wani ɗan siririn rubutu da ke canzawa yana faɗin abin da ake lodawa, da ban taɓa kula da shi ba sai yanzu, kuma na lura inda ya fi daɗewa shi ne wajen salon haruffa. Ni kuwa bara na kwafo salon haruffa sama da 2000 daga filashin wani abokina na zuba su duka, don kwastoma suna son rubutu mai lanƙwasa a sunan amarya. Wanda nake amfani da su ba su kai 30 ba. Da yawansu ma ba su da ƙ da ɗ da ɓ, in ka rubuta ɗaurin aure sai ɗan akwati ya fito a madadin harafin. Anya Malam ba ni na jawo wa kaina ba? In na goge su hoton zai daina daɗewa? Tsorona tsofaffin katunan da na ajiye, in mai kati ya dawo aka buɗe aka tarar rubutun ya canza kama, musamman na Larabcin da muke sa Bismillah da shi a sama.

Injiniyan da ke mana gyara shi kuma cewa ya yi a sayi SSD, wato ma'ajiyar da ta fi had dis mai juyawa sauri, a yi wa kwamfutar fomat kowa ya huta. Ban ƙi tasa ba, amma shi ne mai sayar da SSD ɗin, kuma ni zan je in buɗe baki in nemi kuɗin wajen Kawu bayan an rasa aikin Alhaji, in aka saya hoton bai daina zama ba ina zan sa kaina.

Wani abin da ya ɗaure min kai, buɗewar farko da safe ita ce mai wahala, in na rufe na sake buɗewa nan take sai ta yi sauri sosai, amma da an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu an koma gidan jiya, ba mu da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Sannan in na ce bari in ci gaba da taifin a Word kafin manhajar zanen katin ta gama buɗewa, hoton sai ya hau kan aikina ya rufe tsakiyar shafi, wani lokaci ina cikin bugawa in ɗago in ga rabin layi bai shiga ba. Haka yake ga kowa ko tamu ce kawai?

Don Allah ka ba ni shawara wanne zan fara, rage haruffan ko SSD, kuma ta yaya zan fahimtar da Kawu cewa ko an cire hoton jiran na nan, ba tare da ya ga kamar ina masa musu ba, don shi ya riƙe ni tun ina firamare. In za ka karanta a fili kar ka faɗi unguwarmu, rediyonsa kullum tana kan kanta kuma ba ya wuce shirinka.

Naka mai sauraro, daga Zariya.