Satar da ba ta shiga lissafin kowa a bayan garin Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu mazauna sababbin unguwannin da suka kewaye garin Sakkwato. Ni tsohon hedimastan firamare ne. Da na yi ritaya, mutanen unguwa suka ga ina da biro ina da lokaci, sai suka ɗora mini sakataren kwamitin tsaro. Aikin ba albashi, sai dai a buga maka ƙofa da asuba idan an yi wa wani sata. Duk abin da aka kawo mini ina rubuta shi a wani littafi, kuma daga cikinsa zan yi maganar nan.

Na sani, in aka ce tsaro a jihar Sakkwato, hankali yakan tafi Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah, ko Tangaza da Gudu inda Lakurawa suka addabi jama'a. Dole ne ya tafi can. Ba wanda ya manta da mutum sama da 40 da aka kashe a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, ko matafiyan da aka ƙone cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar shekarar, ko yadda Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga a watan Agustan 2024. Allah Ya jiƙan su da rahama. Wanda aka kwance wa akuya, in ya tuna da waɗannan, kunya ma yake ji ya buɗe baki. To amma shirun namu ya sa an ɗauka cewa cikin gari lafiya lau, alhali akwai gidajen da mai gida ba ya runtsawa sai an kira assalatu.

Bari in fara da yadda garin ya koma. Sakkwaton da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809 tana da ganuwa da ƙofofi, irin su Ƙofar Kade, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku. Har gobe, in baƙo ya shiga lungu a tsohon gari, kafin ya kai ƙarshensa wata tsohuwa ta tambaye shi gidan wa yake nema. Mu namu ba haka ba ne. Arkilla da Bado da Kalambaina a ƙaramar hukumar Wamakko suke. Dambuwa da Kwannawa na Dange Shuni ne, More kuma ta Kware. Mutanen waɗannan wurare a Sakkwato suke aiki, a Sakkwato suke cin kasuwa, amma sakatariyar ƙaramar hukumarsu tana wani gari daban, kuma ita ma ƙauyukanta sun ishe ta. Yawancin unguwannin gonaki ne aka yanka filaye aka sayar. Layi ba suna, gida ba lamba. Maƙwabcinka na dama ma'aikaci ne ɗan Yabo, na hagu ɗan kasuwa daga Illela, na baya ɗalibai ne 'yan haya da ke canzawa kowace shekara, a tsakani kuma kango ne wanda mai shi ya kai shi linta ya tafi Abuja. Mai unguwar da muka tarar dattijon kirki ne, ya san duk wanda aka haifa a ƙauyen tun yana ƙauye. Mu da muka zo daga baya mun ninka su yawa, bai san rabinmu ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Abin da ya fi cika littafina ƙwacen waya ne. Lokacinsa sananne ne, tsakanin magariba da isha'i. Yara biyu a kan babur, na baya da wuƙa, waɗanda aka fi tarewa kuwa mata ne da 'yan matan da ke dawowa daga Islamiyya, sai wanda ya sauka daga agwagwa da buje, wato keke napep, a bakin titi ya shiga lungu yana latsa waya. Sai satar babur, a ƙofar masallacin Juma'a ko wurin ɗaurin aure, inda kowa ya ajiye nasa ya ba shi baya.

Sauran kuma kowace da kakarta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke korar kowa daga ɗaki, iyali su baje a tsakar gida, ƙofofi a buɗe, waya a gefen matashi, wuta kuwa babu, a nan ne masu haurowa ta katanga ke cin kasuwarsu. Da damina, masu filayen da ba a gina ba sukan ba da aro a shuka gero, in ya yi tsawo ya zama maɓoya, mutum ya fizge jaka ya faɗa ciki, shi ke nan. Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah sai kukan masu raguna ya tashi. Wayar wuta, batirin sola, injin jan ruwa na burtsatse, ƙofofi da tagogin ƙarfe na kangaye, waɗannan ba su da lokaci, kullum ne.

Yanzu tambayar ita ce, nawa daga cikin waɗannan suka kai gaban hukuma? Kaɗan ƙwarai. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon binciken da ta yi gida-gida, ba daga takardun 'yan sanda ba. Ta ƙiyasta cewa daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024 an aikata laifuka kusan miliyan 52 a kan iyalai a Najeriya, Arewa maso Yamma ce kan gaba da sama da miliyan 14. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan kuɗin fansa na naira tiriliyan 2.23 da rahoton ya ambata, wasu suka ce an yi ƙari. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne: cikin gidajen da aka shiga aka yi wa fashi, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai ƙara wurin 'yan sanda. Wannan fashi ke nan, ba satar tunkiya ba.

Dalili na farko kowa ya san shi. Na taɓa raka wani ɗan kabu-kabu da aka sace wa babur zuwa wani caji ofis. Babur ɗin ma ba nasa ba ne, biya yake yi a hankali. Aka ce ya sayo fayil, ya sayo. Aka ce mota ba mai, in yana son a je wurin sai ya zuba. Jami'in da ya saurare mu bai wulaƙanta mu ba, ya ma nuna mana motar guda ɗaya tilo da mutanen da ke bakin aiki, ya ce mu duba girman yankin da aka ba su. Na duba, na kuma tausaya masa. 'Yan sandan ƙasar nan gaba ɗaya kimanin dubu 370 ne a kan mutum sama da miliyan 200. Amma yaron ya dawo gida ba babur, ba kuɗin cefane, kuma labarinsa ya zaga unguwa. Wa zai sake zuwa? Ga inda abin ya ɗaure: littafin caji ofis shi ake dubawa a ce yanki kaza lafiya, da shi kuma ake raba mota da ma'aikata. Ba mu kai ƙara saboda ba su da kayan aiki, ba a ba su kayan aiki saboda a takarda ba abin da ke faruwa a wurinmu.

Dalili na biyu ya fi ciwo, don namu ne. Sau da yawa mun san ɓarawon. 'Yan sintiri su kama yaro da wayar mutane, kafin gari ya waye uban ya iso da liman ko wani dattijon da ba ka iya haɗa ido da shi. "Malam, ka rufa muna asiri, yaron ga ɗanka na." A mayar da waya, a yi wa yaro faɗa, a yi fatiha, a watse. Rufin asiri abu ne mai kyau, addini ma ya kwaɗaitar da shi, amma ga wanda ya yi tuntuɓe sau ɗaya ya tuba. Wanda aka rufa wa asiri a unguwarmu ran Talata, ran Asabar ya tsallaka unguwar gaba da wuƙa, wannan asirin wa aka rufa?

A nan nake son in ja kunnen 'yan uwana masu cewa 'yan gudun hijira ne suka lalata gari. Maganar ta yi yawa a majalisu, kuma littafina bai goyi bayanta ba. Matan da suka gudo daga gabashin jihar suna zaune a kangaye da marayu, suna wankau da surfe da bara. Wasu kangayen ma tun da suka shiga aka daina cire musu ƙofofi. Yawancin waɗanda muka kama 'ya'yan gidajen da ke da get ne, an san uwa an san uba, wasunsu ni na koya musu karatu a aji uku. Laifi tudu ne. Ban ce duk baƙo waliyyi ba ne, kowa ya ji labarin masu kai wa 'yan bindiga rahoto da ke ɓuya a cikin gari. Maganin wannan shi ne a san wanda ya shigo, ko daga ina yake, ko da mota ya zo ko da ƙunshi a kai. A da, baƙo ba ya kwana a unguwa sai an kai shi gaban mai unguwa. Yau dillalin gida la'adarsa kawai yake tambaya.

Me ya kai yaranmu ga haka? Ƙwaya na gaba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnati a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. A shekarar aka hana maganin tari mai kodin, amma ka tambayi kowane ɗan sintiri ya nuna maka kangon da ake taruwa da faɗuwar rana, da wanda ke kawo kayan. Sai siyasa. Yaran da muke kira eriya boyis ana ciyar da su ana zuba musu mai lokacin kamfe, a gama zaɓe a sauya lambar waya, su kuwa sun riga sun saba da kuɗin da ba gumi. Tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ta ƙara dagula lamarin, ban musa ba. Sai dai mai ga-ruwa da ke tura kura cikin ranar nan shi ma talaka ne, bai tare 'yar kowa ba.

Wanda ba a cika ambato ba shi ne mai saye. Yaron da ya ƙwaci waya da daddare ba kira zai yi da ita ba, kafin hantsi ta shiga hannun wani mai shago an goge ta an sa a gilashi. Wayar wuta da tagar ƙarfe kuwa a sikelin 'yan gwangwan suke ƙarewa. Masu waɗannan sana'o'i galibinsu mutanen kirki ne, kuma suna da ƙungiyoyi da shugabanni. Me zai hana su ɗora wa kansu doka, cewa ba a sayen tsohuwar waya sai da rasit ko kwali, a rubuta sunan mai sayarwa da lambarsa ta katin ɗan ƙasa? Ni dai na bi gida-gida ina sa mutane su danna *#06# su rubuta lambar da ta fito a bangon littafi, domin ita ce shaidar wayarka ko an sauya layi. Da yawa ba su taɓa jin haka ba.

Game da 'yan sintirinmu, tocila ce da usur da gora. Kuɗin wata-wata da gidaje ke bayarwa ake biyan su, kuma abin mamaki, bazawara mai sayar da ƙosai ba ta taɓa fashi ba, masu dogayen katangu da waya mai ƙaya a sama su ne sai an yi ta sallama. Wai suna da mai gadi. Mai gadin ba ya raka 'ya'yansu Islamiyya. Mun kuma hana duka ƙwata-ƙwata. Mun ga abin da ɗaukar doka a hannu ya jawo a karkara har gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai a 2021, kuma mun san ihun "ɓarawo!" a cikin duhu yana iya cin ran wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda aka kama a tsare shi a kira hukuma. Matsalar ita ce a kira wa, kuma da wane mai zai zo.

Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar a 2024, yankunan da 'yan bindiga suka fi ɓarna ta fuskanta, kuma daidai ne, ba mu ce a ɗauko mana ita ba. Namu bai kai nan ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaro na haɗin gwiwa da jama'a, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don fara tsarin. Abin da nake roƙon Kwamishinan 'Yan Sanda da shugabannin ƙananan hukumomin da ke da rabo a cikin birni shi ne a raya wannan tanadi a unguwannin bayan gari. Kowane mai unguwa ya sami littafi da wanda zai rubuta masa, ƙarshen wata a zauna da difi'o a gwada na unguwa da na ofis, a ga tazarar. A sanar a rediyo cewa rubuta ƙara ba ya buƙatar ko sisi, ko da ba za a iya bin sawu ba, a dai rubuta. Majalisar Sarkin Musulmi kuma, ta hannun uwayen ƙasa da hakimai, ita ce za ta iya tilasta wa dillalai kai ɗan haya gaban mai unguwa, domin maganarta ake ji. Fitilun sola da aka jera a manyan tituna sun yi kyau, amma ba a kan titi ake tare mutane ba, a lungun da ke bayansa ne. Masu kangaye su ma a nemo su, ko su kewaye, ko su sa mai zama.

Kai kuma Edita, ka turo wakilinka ya zaga Arkilla ko Dambuwa ko More bayan sallar magariba. Ya tambayi mai POS dalilin da ya sa yake rufewa da wuri, ya tambayi malamin Islamiyya me ya sa aka dawo da darasin 'yan mata kafin la'asar sakaliya. Zai sami abin rubutawa. Sai dai ka ce masa ya bar babbar wayarsa a ofis.

Wassalam.

Naka,
Tsohon hedimasta,
daga bayan garin Sakkwato.