Buga Zanen Bakin Teku A Kayan Ɗaki: A Koya Wa 'Ya'yanmu Tawadar Da Ba Ta Zuba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata ƙaramar sana'a da ke yaɗuwa a tsakanin 'yan mata da matan aure a nan Jos, wato buga zane da hatimi da tawada a jikin kayan ɗaki na yadi, irin su rigar filo da zanen gado da labule da shimfiɗar tebur da jakar cefane. Ni mai ɗinki ce, kuma mafi yawan aikina kayan ɗakin amare ne, saboda haka irin waɗannan kaya ta hannuna suke bi kafin a buga musu zane, kuma wurina ake dawo da su idan sun lalace. Zanen da ake yayi a yanzu shi ne na bakin teku, wanda ya ƙunshi igiyar ruwa da bishiyar kwakwa da kwale-kwale da katantanwa da wuri da kifi, galibi da shuɗin launi a kan farin yadi ko mai ruwan madara. Abin yana da kyau a ido, jarinsa kaɗan ne, kuma mace za ta iya yinsa a tsakar gidanta ba tare da ta kama shago ba. Damuwata ɗaya ce: yawancin abin da ake sayarwa ba ya jure wanki, kuma idan aka ci gaba a haka masu saye za su juya wa sana'ar baya tun kafin ta tsaya da ƙafafunta.

Kwanakin baya wata uwar amarya ta kawo mini zanen gado da rigunan filo da ta saya wa 'yarta, tana tambaya ko akwai dabarar da zan yi musu. Wanki ɗaya aka yi musu. Kwale-kwalen da aka jera a gefen zanen sun narke sun zama dabbare-dabbaren shuɗi, launin ya bi zare ya shiga farin wuri, har ya taɓa wata farar riga da aka jiƙa tare da su a baho. Ta ce mini, "Hajiya, ki duba mini wannan abin kunya, dangin miji sun riga sun gani a jere." Babu abin da allura za ta iya yi wa irin wannan ɓarna. Yarinyar da ta yi aikin ba macuciya ba ce, domin da aka bincika an tarar cewa a wani horon kwana biyu da ta biya kuɗi ta shiga, da tawadar hatimin ofis aka koya musu, irin wadda ake sayarwa a shagon littattafai. Wannan tawada don takarda aka yi ta, rini ne da ke narkewa a ruwa, kuma babu wani abu a cikinta da zai riƙe ta a jikin zare idan sabulu ya taɓa ta. Wasu kuma fentin zane na 'yan makaranta suke shafawa, wanda ko dai ya wanke, ko ya bushe ya yi tauri ya riƙa tsattsagewa duk inda aka ninke yadin.

Tawadar yadi ta gaskiya daban take. Garin launi ne da ba ya narkewa a ruwa, aka haɗa shi da wani farin ruwa mai danƙo wanda aikinsa shi ne ya manne launin a jikin zare, kuma wannan danƙo ba ya kamawa sosai sai ya sha zafi. Akwai ta 'yan waje da ke zuwa a ƙananan kwalabe ko a cikin soson hatimi, irin su Speedball da VersaCraft, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Abin da ya fi sauƙi shi ne a je wurin masu sayar wa masu buga riguna kayan aiki, waɗanda ke yi wa makarantu da 'yan siyasa aiki, a nemi tawadar yadi wadda ake wanke kayan aikinta da ruwa. A guji wadda suke amfani da ita mai kaurin roba, domin ita tana buƙatar injin gashi, kuma idan aka buga ta a rigar filo mutum zai riƙa jin ta a kuncinsa. Yadin ma sai an zaɓa. Auduga zalla, kamar akoko da alawayyo, ita ce ke shan tawada yadda ya kamata, amma yadin roba mai sheƙi da ya cika kasuwa tawadar a samansa take zama, ga shi ba ya jure zafin guga. Haka nan shuɗi mai haske ba ya fitowa a kan yadi mai duhu sai an sami tawada mai kauri da aka yi musamman don haka.

Kafin a buga komai, wajibi ne a wanke sabon yadi a shanya a goge shi, domin masaƙa tana sa masa sitaci don ya yi kyau a kanti, kuma idan aka buga zane a kan sitacin, ranar da ya wanke tare da zanen zai tafi. Wannan mataki shi ne aka fi tsallakewa, saboda masu sana'ar suna ganin yadin da bai taɓa ruwa ba ya fi ɗaukar idon mai saye. Bayan haka sai a shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur domin hatimin ya sami ɗan taushi a ƙarƙashinsa, a kuma zura kwali a cikin rigar filo ko jaka don kada tawada ta ratsa zuwa ɗaya gefen. Na zauna na kalli wata mata a Gangare da ta iya aikin. Takan zuba tawada kamar cokali ɗaya a faranti, ta dangwala guntun soso, ta riƙa ɗan bubbuga fuskar hatimin da shi har sai ko'ina ya samu ba tare da ta taru a ramukan sassaƙar ba. Sai ta fara gwadawa a kan ƙyalle, sannan ta ɗora a kan yadin, ta danna da tafin hannu biyu ba tare da ta karkata ko ta murza ba, ta ɗaga a miƙe. Layin igiyar ruwa da ta jera a bakin labule da alli ta fara auna shi, shi ya sa bai hau bai sauka ba. Duk bugu ɗaya sai ta sake shafa tawada, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa teburin.

Idan an gama bugu, a bar kayan su kwana su bushe sarai, sannan a zo ga matakin da ya raba mai sana'a da mai wasa, wato gashi da dutsen guga. Ana ɗora farin ƙyalle a kan zanen, a goge kowane wuri na kimanin minti 3 zuwa 5 da zafin da ake goge auduga, ba tare da tururi ko yayyafa ruwa ba, kuma in an rubuta wani umarni a jikin kwalbar tawadar shi za a bi. Rashin wutar lantarki ba hujja ba ne a nan, domin dutsen guga na gawayi yana yin wannan aiki da kyau, ba ya tururi kuma yana riƙe zafi, sai dai a kula da toka da tartsatsi. Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, kuma da hunturu iska takan busar da tawada a fuskar hatimi kafin a kai ga yadi, saboda haka sai an zuba kaɗan-kaɗan ana sauri. A watannin Yuli da Agusta kuwa, lokacin da rana kan yi kwanaki ba ta fito sosai ba, zanen da ake ganin ya bushe yakan kasance da danshi a cikin zare, kuma wanda ya yi gaggawar goge shi zai tarar da rabinsa a jikin ƙyallen da ya ɗora.

Buga zane a yadi da hatimi ba sabon abu ba ne, kuma waɗanda suka riga mu sun san muhimmancin wannan batu na kamun launi. A garin Ntonso da ke kusa da Kumasi a ƙasar Gana, har yau ana sassaƙa hatimi daga ƙwarya ana buga zanen adinkra da baƙin ruwan da ake dafawa daga ɓawon itace, kuma akwai irin wannan zane da wani Bature mai suna Bowdich ya samo a Kumasi a 1817 ya tafi da shi Ingila, yana nan a gidan tarihi na Landan. Amma wannan zane na taro ne, musamman zaman makoki, kuma ba a saba wanke shi ba domin launinsa ba ya jure ruwa. Rigar filo kuwa duk mako sai ta shiga baho. A garuruwan Bagru da Sanganer na ƙasar Indiya, inda ake bugu da hatimin katako, sai an jiƙa yadin a sinadaran da ke kama launi, bayan bugu kuma a wanke shi a shanya kafin ya je kasuwa, shi ya sa zanen gadonsu ke zagaya duniya. Mu ma marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ba don kyan shuɗinta kaɗai fatake suka riƙa ɗaukar kayanta zuwa hamada ba, har da sanin cewa marina sun ƙware a aikinsu. Masaƙun Kaduna da suka fara aiki tun 1957 sun horar da mutane da yawa a sashen buga atamfa, kuma tun da suka durƙushe waɗannan dattawa suna zaune a gida da iliminsu, babu mai tambayarsu.

Akwai masu cewa me ya haɗa mutanen Jos da teku, alhali gaɓar tekun Najeriya mai tsawon kilomita 853 tana can kudu, kuma da yawa daga masu sayen kayan nan ba su taɓa taka yashin Lekki ko Badagiri ba. Ni ban ga abin zargi a nan ba. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, suka kuma yi wa ƙwarya da gashin yara ado da shi, daga tsibiran Maldib na tekun Indiya aka riƙa kawo shi, saboda haka kayan teku sun daɗe a ɗakunan iyayenmu. Shuɗi da fari kuma suna sanyaya ɗaki, kuma zanen igiyar ruwa ko ganyen kwakwa yana da sauƙin sassaƙawa ga mai koyo, ko da hannu ya ɗan kauce ba ya muni. Abin da ya kamata mai sana'a ta lura da shi shi ne gidan da kayan za su shiga. Gidaje da yawa ba sa son hoton abu mai rai a labule ko shimfiɗa, musamman a ɗakin da ake salla, don haka kifi da ƙaguwa da kififiya sukan yi kwantai a inda kwale-kwale da kwakwa da igiyar ruwa ke ƙarewa. Wuri ma akwai waɗanda ke ƙyamarsa saboda masu duba suna amfani da shi. Tambayar mai saye tun kafin a taɓa yadinsa ta fi a gama aiki a zo ana ba da haƙuri.

Game da hatimin kansa, ban ga dalilin da zai sa a riƙa jiran na roba daga ƙasar Sin ba, wanda kowa ke saye iri ɗaya har kayan mutum goma su zama kamar daga hannu ɗaya suka fito. Mai koyo za ta iya farawa da dankalin Turawa, wanda Allah Ya hore mana shi daga Bokkos da Mangu, ta raba shi biyu ta yanka siffar katantanwa, ta tsane ruwansa da tsumma, ta yi gwaji a kan tsofaffin ƙyallaye, ko da yake ba ya wuce yini ɗaya. Don aikin sayarwa, tafin tsohon silifas da aka wanke aka manna a guntun katako yana ba da hatimi mai ƙarko, kuma reza kaɗai ake buƙata. Ga kuma masu sassaƙa hatimi da ke zama a bakin titi da ɗan teburinsu, waɗanda kwamfuta ta rage musu kasuwa. Waɗannan bayin Allah sun saba sassaƙa rubutu a juye a kan robar da ba ta kai tafin hannu ba, don haka kwale-kwale ko bishiyar kwakwa ba za su gagare su ba, kuma za su iya ƙara mana da jirgin masunta irin na Binuwai ko gorar kamun kifi ta Argungu ga mai son ruwan da ya sani.

Kirana na farko ga masu shirya horon sana'a ne, na ƙungiyoyi da na 'yan siyasa da na masu zaman kansu, da su daina sallamar ɗalibai a ranar da aka yi bugu. A sa kowace ɗaliba ta goge abin da ta buga, ta wanke shi da sabulu a gaban malamarta, sannan a ba ta takardar shaida. Hukumar ITF ta gwamnatin tarayya mai kula da horon sana'o'i, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke nan Jos, tana da ikon shigar da wannan sana'a cikin shirye-shiryenta tare da nemo tsofaffin ma'aikatan masaƙu su koyar da haɗa launi. Masu sana'ar kuma su riƙa gaya wa mai saye yadda zai kula da kayan: a juya su ciki waje, a wanke da ruwan sanyi, kada a sa bilic, kada a dirje zanen da buroshi, a kuma shanya a inuwa. Iyayen amare da sauran masu saye su ma suna da abin yi tun a gaban mai kaya. A jiƙa farin hankici da ruwa, a goga shi da ɗan ƙarfi a gefen zanen, idan ya ɗauko shuɗi a mayar wa mai kaya ta je ta sake gashi, idan ya fito fari a biya ta kuɗinta ba tare da an karya mata farashi ba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam.

Daga wata mai ɗinkin kayan ɗaki,
Unguwar Rogo, Jos, Jihar Filato.