Harafin S da yaranmu na firamare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka in yi magana kan harafi guda, wato s, na 19 a jerin haruffan Turanci. Na daɗe ina koyarwa a firamare a nan Argungu kafin in yi ritaya, kuma ban ga abin da ke kayar da yara kamar wannan 'yar wutsiya da ake liƙa wa kalma ba.

Mun saba gaya wa yaro cewa s alamar jam'i ce: book, books. Gaskiya ne, amma rabin zance ne. Ranar da ya ga he goes kusa da they go sai kansa ya ɗaure, domin a jikin aikatau mutum ɗaya s ke nunawa. Ga kuma mallaka, Audu's book. Mu littafin Audu muke cewa, rigar Audu, n ko r na jikin abin da aka mallaka. Bature kuwa a jikin mai abin yake rataya tasa alamar, ya kuma sa shi gaba.

Kunnen ɗan Bahaushe ma bai saba jiran wani ɗan sauti a ƙarshe ba. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, jam'inmu kuma a fili yake: gida, gidaje, kaza, kaji. Ga shi a cats ana jin s, a dogs ana jin z, a buses kuwa iz. Dubi silifas, da muka aro tare da s ɗinsa. Ko wari guda ne, silifas muke cewa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jikata. Makon jiya ta dawo da shatar bulala a hannu don ta rubuta childrens. Wallahi raina ya ɓaci. Yarinyar nan dokar da aka ba ta ta bi, ba wanda ya zaunar da ita ya ce children, men da sheep ba sa ɗaukar s.

Ina roƙon malamanmu na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie su nuna wa ɗalibai masu shirin shiga aji yadda za su jera Hausa da Turanci a allo, gefe da gefe, idan an zo wannan darasi.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Argungu, Jihar Kebbi