Game da Wi-Fi ɗin da ke ɓacewa a kwamfutocin Linux

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, da yawanku, musamman ɗaliban BUK, kun kawo mana tsofaffin HP da Dell mun ɗora musu Linux Mint ko Ubuntu. Ƙorafin da muka fi ji yanzu shi ne an sabunta manhaja da daddare, gari ya waye Wi-Fi ya yi ɓatan dabo.

Don Allah kada ku yi saurin sayen sabon katin Wi-Fi, ko da wani ya rantse muku ya ƙone. Galibi lafiyarsa ƙalau, direbansa ne bai tashi ba, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki.

Ku fara buɗe Terminal, wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ku rubuta rfkill list. In kun ga "Hard blocked: yes", galibi maɓallin kashe Wi-Fi ne aka danne, a yawancin HP yana kan F12. In ba haka ba, ku rubuta lspci a Terminal ɗin, zai faɗa muku kamfanin katin. Masu Broadcom su suka fi shan wahala, don wasu katunan nasa sai da direban kamfanin, shi kuwa ba ya zuwa a ɗaure da Linux. To, da wane intanet za a sauko da shi? Ku jona wayarku da kebul, ku kunna USB tethering don kwamfutar ta samu intanet ɗin wayar, ku shiga Driver Manager a Mint, ko Additional Drivers a Ubuntu.

Inda aka fi yin tuntuɓe kuwa shi ne Secure Boot, tsarin tsaron kwamfutar, wanda ba ya barin direban da bai san sa hannunsa ba ya yi aiki. Lokacin saka direban za a ce ku ƙirƙiri kalmar sirri. Da kun sake kunna kwamfutar, wani shuɗin allo zai fito, mutane su tsorata su danna "Continue boot", shi ke nan aiki ya koma baya. Ku zaɓi "Enroll MOK", ku sa kalmar nan. Ku rubuta ta a takarda tun farko, don allon ba ya nuna abin da kuke bugawa.

Wanda ya gwada abin ya ƙi, ya kawo mana kwamfutar da cajarta. In mu muka ɗora Linux ɗin, dubawa kyauta ce. Ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci muke buɗewa.

Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Ma'aikatan shagonmu na titin Beirut, Kano