Zuwa ga Yaya, kan aikin da nake yi a gidan kwanan marasa matsuguni

Assalamu alaikum Yaya, ina fata kana lafiya, ya iyali ya yara, a gaishe min da Inna da Baba sosai. Naji saƙon muryar da ka turo, wai Inna hankalinta bai kwanta ba tunda taji a cikin mashaya nake aiki. Dan Allah ka zauna ka karanta mata wannan a hankali, tunda a waya kullum a gurguje muke magana.

Ba a gidan giya nake aiki ba Yaya, gidan kwana ne na mutanen da basu da wurin zama, ni aikin dare nake, in rubuta sunan wanda ya shigo in bashi bargo in nuna masa gado. Kasan mu a gida gani muke Amurka kowa da gidansa, toh ƙidayar da gwamnatinsu tayi a watan Janairun 2024 ta samu mutum sama da 770,000 basu da matsuguni a dare ɗaya. Kuma ba dukkansu ne mashaya ba, akwai wanda kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsa, akwai tsoffin sojoji, akwai masu taɓin hankali, akwai ma wanda da safe yake saka kayan aiki ya tafi aikinsa.

Abinda yake ci min rai shine wurin da aka saka gidan namu. In ka fito ƙofa, tsallaken titi mashaya ce, ka ɗan gangara kwana shagon sayar da barasa ne, gaba kaɗan wata mashayar kuma. Dokar gidan ita ce ba'a shigowa a buge, in muna shakkar mutum akwai na'urar da zai hura a gani. Sannan da sassafe kowa sai ya fita, ba'a buɗewa sai yamma. Kaga mutum ya kwana yana kokawa da ransa, gari na wayewa an turo shi waje cikin sanyi ba aiki ba wurin zuwa, kuma wurin da yake da ɗumi da kujera da banɗaki mafi kusa dashi shine mashayar nan. Wallahi wuta da auduga aka ajiye wuri guda.

Akwai wani dattijo da muke hira dashi in dare yayi, ya kai wata uku bai sha ba, har ya nuna min ɗan kwabon da ake basu na shaidar tsawon lokacin da mutum yayi bai sha ba a taron Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu son daina sha ce, tun 1935 aka kafa ta a Akron ta jihar Ohio. Yace min shi ba ɗanɗanon giyar ne yake kada shi ba, warin da yake fitowa in an buɗe ƙofar ne, da tsoffin abokan shansa da suke tsaye a bakin wurin suna kiran sunansa. Dan haka in zai je tashar bas sai ya zagaya ta bayan layi ya ƙara tafiya mai nisa da ciwon gwiwarsa, kawai dan kar ya bi ta gaban wurin. Mutumin da yake wannan wahalar kullum ba zan iya ce masa marar zuciya ba Yaya.

Kuma daina sha ba kamar yadda muke ɗauka bane, ace kawai ka tuba ka ajiye kwalba. Wanda ya daɗe yana sha da yawa in ya tsaya lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 jiki zai fara rawa da gumi da amai, wani har farfaɗiya, bayan kwana 2 ko 3 kuma wani ya fara gane-gane da sambatu, kuma wannan yana kisa in ba'a kai shi asibiti ba. Shi yasa wani da safe ba dan daɗi yake tsallaka titin ba, rawar jikin yake so ta tsaya. Ga sanyi kuma, giya tana sa mutum yaji kamar ya ɗumama alhali zafin jikinsa fita yake, toh wanda muka hana shiga dan yazo a buge shine wanda sanyi yafi saurin kashewa. Daren da na mayar da mutum daga ƙofa bana samun sukuni har asuba.

Zaka ce me yasa basa kai gidan wani wuri. Unguwannin masu hali basa yarda, da anji za'a buɗe irin gidan nan sai su cika zauren taro suna cewa darajar gidajensu zata faɗi, ƙarshe sai a kai shi inda haya take da araha, kuma nan ne dama mashayu suka taru. Abin mamaki jihohi da yawa suna da dokar tazara tsakanin mai sayar da giya da makaranta ko coci, ni dai ina ganin gidan da mutane suke ƙoƙarin daina sha shima ya cancanci wannan tazarar. Amma bana goyon bayan a kwashe su a kai bayan gari, can babu bas babu asibiti babu wurin neman aiki, ba zasu je ba, titi zasu koma. Da za'a bar gidan a buɗe da rana ma kawai, da shayi da wurin zama, da an rage abin sosai.

Wasu garuruwan wata hanya suka bi. A Seattle tun 2005 akwai gini mai ɗaukar mutum 75 da ake ba waɗanda suka daɗe suna shan giya ɗaki ba tare da sharaɗin sai sun daina ba, kuma binciken da ya fito a 2009 ya nuna shan nasu ya ragu, kuɗin da ake kashewa a kansu na asibiti da kurkuku ma ya ragu. Gaskiya wannan ya tsaya min a rai, a matsayina na musulmi zuciyata bata son a ba mutum ɗaki yana sha a ciki, amma kuma ina kallon waɗanda muke kora waje cikin ƙanƙara, har yanzu ina juya abin.

Ka gaya wa Inna ina sallata akan lokaci, akwai ɗan ɗakin ajiya da suka barni nake shimfiɗa sallaya, kuma ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Ta saka dattijon nan a addu'a dan Allah, yana jiran a kira shi kan maganar ɗaki kuma layin yana da tsawo. Saƙon wata zan turo ranar Juma'a in Allah ya kaimu, ka sanar dani in ya shigo.

Naka,
Ƙaninka