Tsutsar Masara da Gwajin HIV: Kira ga Cibiyar Rigakafi ta Ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Na shafe shekaru ina aikin gwajin jini a wani asibiti a nan Kumasi, kuma ranar da ta fi yi mini nauyi a wannan aiki ita ce ranar da tsinken gwajin HIV ya ƙare, ga mata masu juna biyu sun cika benci tun da sassafe, sun zo awo daga Aboabo da Asawase, a ce musu su dawo mako mai zuwa. Matar da ta rufe teburin kokonta ta biya kuɗin mota, da wuya ta sake dawowa, alhali wannan gwajin ne ke sa a ɗora uwa a kan magani da wuri har jaririnta ya tsira. Tsinkayen nan daga ƙasashen waje ake sayo su, irin su Indiya da Koriya ta Kudu, don haka duk lokacin da kuɗin tallafi ya yi jinkiri, ko kaya suka maƙale a tashar Tema, mu ne muke sunkuyar da kai a gaban matan.

Abin da ke kan tsinken ba wani sihiri ba ne. Ɗan furotin ne da aka kwaikwayo daga jikin ƙwayar cutar, kamar gp41 na HIV-1 da gp36 na HIV-2, wato manyan rukunonin cutar guda biyu, wanda idan jinin mutum yana ɗauke da sojojin da jiki ya tanada domin yaƙar cutar, sai su manne masa, layi ya fito. Ana iya samar da ƙananan furotin ta hanyar bakteriya, amma manyan da ke lulluɓe da ƙwayar cutar, irin su gp120 da gp160, sun fi naɗuwa daidai a cikin ƙwayoyin halittar dabba ko na ƙwari.

Manomanmu ba za su manta da tsutsar da ta afka wa masara ba tun daga 2016, ta bar gonaki kamar an bi su da almakashi. To daga jikin irin wannan tsutsar aka ciro ƙwayoyin halittar da ake kira Sf9, waɗanda ake renonsu a cikin kwalba shekaru da dama. A farkon shekarun 1980, Max Summers da Gale Smith na jami'ar Texas A&M a Amurka suka nuna cewa ana iya ɗaukar bakulobairas, wata ƙwayar cuta da ke kama ƙwari amma ba ta hayayyafa a jikin ɗan Adam, a cusa mata umarnin gado na furotin ɗin da ake so, a sake ta a cikin kwalbar. Cikin kwana uku zuwa huɗu sai ƙwayoyin su tara furotin ɗin, a tace shi. Suna girma a zafin digiri 27, kusan zafin ɗakunanmu, kuma ba sa buƙatar iskar kabon da ake hura wa ƙwayoyin dabbobi. Ta wannan hanya ake yin Cervarix, rigakafin cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, da Flublok na mura, da rigakafin korona na Novavax.

Game da rigakafin HIV kuwa, ba zan yi wa masu karatu romon baka ba. Na farko da aka ba izinin gwadawa a kan mutane a Amurka, a 1987, gp160 ne na kamfanin MicroGeneSys, kuma a ƙwayoyin ƙwari aka yi shi, amma bai kai ga nasara ba. Kusan rabin nauyin gp120 sarƙoƙin sukari ne da ƙwayar cutar ke yafawa kamar mayafi don ta ɓuya, ƙwari kuma gajerun sarƙoƙi suke ɗora masa, ba irin na jikin mutum ba; ga shi cutar tana sauya kama ba dare ba rana. Gwajin wani rigakafin HIV a ƙasar Tailan da aka bayyana sakamakonsa a 2009, mai mutane sama da 16,000, kariyar kashi 31 cikin ɗari kawai ya nuna, gwajin da aka gina a kansa a Afirka ta Kudu kuwa, an dakatar da shi a 2020.

Saboda haka nake ganin Cibiyar Rigakafi ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2023, ta fara da abin da hannu zai iya kaiwa, wato furotin na gwaji da na bincike. Muna da cibiyar binciken lafiya ta Noguchi a Legon tun 1979, muna da cibiyar binciken cututtuka ta KCCR a harabar jami'ar KNUST, kuma akwai matasan da suka iya renon ƙwayoyin halitta amma suke ficewa waje don rashin abin yi. Muna kuma da dalilin da ya keɓanta da mu: nau'in HIV-1 da ake kira CRF02_AG ne ya fi yawa a Ghana, HIV-2 kuma cutar Afirka ta Yamma ce, wadda wasu magungunan HIV-1 ba sa yi mata aiki, don haka bambance su ba ƙaramin abu ba ne ga majinyaci. Furotin da aka yi daga nau'o'inmu shi zai ba mu damar auna ingancin duk tsinken da aka shigo da shi. Na san aikin yana buƙatar ɗaki mai tsananin tsabta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kuɗin abincin ƙwayoyin wanda shi ma sayo shi ake yi. Waɗannan su ne ya kamata a sa a kasafi.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta riga masu jita-jita yin bayani, domin na taɓa jin wani a wajen suna yana rantsuwa cewa tsutsa ake niƙawa a zuba a allura. Ba a niƙa tsutsa, ba a kuma sa cikakkiyar ƙwayar HIV a ciki, don haka ba ta yadda za a kamu da cutar ta nan. Idan malamanmu na Zango suna da tambaya a kan halaccinsa, hakkinsu ne, sai a kai su ɗakin gwajin su ga kwalbar da idonsu, a kuma buga amsar da masana suka ba su da Hausa a wannan shafi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon ma'aikacin gwajin jini, Aboabo, Kumasi